Yadda Za Ka Gano Mai Nuna Zari-Ruga Ta 'Yan 13, Ka Kalla Ba Tare Da Asarar Kuɗi Ba

Wanda ya saba kallon ƙwallon ƙafa a Kano ko Maraɗi bai cika shan wahalar neman wasa ba. Ya san tashar da ke nuna gasar Firimiya, ya san gidan kallon unguwarsu, in an ɗauke wuta ya san inda ake tada janareta. Amma ranar da sha'awar zari-ruga ta 'yan 13 ta kama shi, wato Rugby League, sai ya tarar hanya ba a share take ba. Zai biya kuɗin dikoda don ya ga zari-ruga a jerin shirye-shirye, ya zauna, sai ya ga wani wasa daban. Zai sauke manhajar wata tashar Ostireliya, ta ce masa ba ta aiki a ƙasarsa. Tushen wannan asara ɗaya ne: mutane suna bin sunan tasha, alhali abin bi shi ne haƙƙin nuna wasa. Wa ya saye shi, na wace gasa, domin wace ƙasa, zuwa wace shekara? In ka iya amsa waɗannan tambayoyi huɗu, sauran aikin mai sauƙi ne.

Fara da tabbatar da wasan da kake nema

Zari-ruga iri biyu ce, kuma hukumominsu da gasanninsu da masu nuna su a talabijin duk daban suke. A ranar 29 ga Agusta 1895 wakilan kulob-kulob na arewacin Ingila suka taru a otal ɗin George da ke garin Huddersfield suka ɓalle daga uwar hukuma. Dalili kuwa, 'yan wasansu ma'aikatan haƙar kwal ne da na masaƙu, hukumar kuma ta hana a biya su diyyar ranar aikin da suka rasa saboda wasa. A 1906 waɗanda suka ɓalle suka rage 'yan wasa daga 15 zuwa 13. Ta 'yan 15 ita ce ta Afirka ta Kudu da tawagarta ta ƙasa, Springboks, kuma ita ce mafi yawan abin da tashoshin SuperSport ke haskawa. Saboda haka ganin zari-ruga a jadawalin dikodarka bai isa hujjar biyan kuɗi ba.

A allo, minti biyu sun ishe ka ka bambance su. In aka kayar da mai riƙe da ƙwallo ya miƙe da kansa ya tura ta baya da ƙafa, abokan hamayya kuma suka ja da baya mita 10, ta 'yan 13 ce. In kuwa aka taru a kansa ana turereniya, ko ka ga ana ɗaga mutum sama ya cafe ƙwallon da aka jefo daga gefen fili, ta 'yan 15 ce.

Daga nan sai ka zaɓi gasa, domin babu biyan kuɗi guda da zai ba ka komai. Manyan gasannin kulob biyu ne. Akwai NRL ta Ostireliya, mai ƙungiyoyi 17 tun da Dolphins ta shigo a 2023, ɗaya daga cikinsu daga Niyu Zilan, ana farawa a Maris a gama farkon Oktoba. Akwai kuma Super League ta Ingila, wadda Faransa ke da wakilci a cikinta, daga Fabrairu zuwa Oktoba, ana wasan ƙarshe a Old Trafford tun 1998, in ban da 2020. Ban da su akwai kofin Challenge Cup da ake kammalawa a Wembley, da karawa uku a shekara tsakanin jihohin New South Wales da Queensland da ake kira State of Origin, sai wasannin ƙasashe. Ga sabon shiga, shawarata ya fara da NRL. Can ne aka fi gudu da ƙwarewa, can ne kuma aikin ɗaukar hoto ya fi kyau.

Ka fahimci yadda ake yanka haƙƙin

Hukumar gasa kamar mahauci take da sa guda: ba ta sayar da shi ɗungurungum ga mutum ɗaya, kowane sashe da mai sayensa da farashinsa. Tana yankawa ta fuskar ƙasa, wato wanda ya sayi na Birtaniya bai mallaki na Najeriya ba. Tana yankawa ta fuskar hanya: tashar kyauta da kowa ke kamawa, tashar biyan kuɗi, sai intanet. Tana yankawa ta fuskar lokaci: nunawa kai tsaye ya fi tsada, maimaici na bi masa, gutsattsarin wasa na mintuna kaɗan su ne mafi araha. Kowace yarjejeniya kuma tana da wa'adi, galibi shekara uku zuwa biyar. Shi ya sa bayanin da ka karanta shekara biyu da suka wuce zai iya zama tsohon labari yau.

Kada ka ɗauki wannan a matsayin zancen lauyoyi da bai shafi mai kallo ba. Da wuya a samu wasan da kuɗin talabijin ya sauya wa kama kamar wannan. A 1995 rikici ya ɓarke a Ostireliya tsakanin kamfanin News na Rupert Murdoch, wanda ke neman wasanni da zai ciyar da sabuwar tasharsa ta biyan kuɗi, da tsohuwar hukumar wasan, wadda Kerry Packer, mai tashar Nine a lokacin, da kamfanin talabijin na Optus Vision suka mara wa baya. Aka yi ta sayen 'yan wasa da kuɗin da ba a taɓa gani ba, aka yi ta shiga kotu, har a 1997 aka buga gasa biyu masu gaba da juna a ƙasa ɗaya. Sulhun da aka yi ne ya haifi NRL a 1998. Wasu kulob suka mutu, wasu aka haɗe su, South Sydney kuma, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa wasan a can, aka kore ta bayan kakar 1999. Sai da magoya bayanta suka cika tituna da zanga-zanga, aka yi shari'a, kafin ta dawo a 2002.

A Ingila ma haka. Tashar biyan kuɗi ta Sky ta zuba fam miliyan 87 na shekara biyar, aka kafa Super League a 1996, wasan da aka yi shekara ɗari ana bugawa da hunturu aka mai da shi lokacin zafi. Har wasan farko ma ba a arewacin Ingila aka yi shi ba, a birnin Faris aka yi, tsakanin Paris Saint-Germain da Sheffield Eagles. Idan ka ga an sa wasa daren Alhamis, ko an kwashi ƙungiyoyi zuwa Las Vegas don buɗe kaka kamar yadda NRL ta fara a 2024, ka san da hannun masu talabijin a ciki.

Wani abu da ya kamata ka sani shi ne dokar da ke kare mai kallon kyauta. Ostireliya tana da jerin wasannin da doka ta ce sai an fara ba tashoshin kyauta damar sayensu kafin masu biyan kuɗi, NRL da State of Origin suna ciki. Birtaniya ma tana da nata jerin, amma a wannan wasa, wasan ƙarshe na Challenge Cup ne ke cikin rukunin da dole a nuna kai tsaye kyauta. A ganina wannan bambanci ya yi tasiri ƙwarai. Yaron Sidni ya tashi yana ganin wasan a gidansu ko iyayensa ba su biya komai ba, na Landan kuwa shekaru da yawa sai in akwai Sky a gidan. Wasan da ba a gani ba ya samun sababbin masoya, wanda ba shi da masoya kuma farashinsa faɗuwa yake. An ga haka lokacin da kuɗin da Sky ke biya na Super League ya sauko daga wajen fam miliyan 40 a shekara zuwa wajen miliyan 25 a 2022.

Duba wa ke riƙe da me

A Ostireliya, ƙarƙashin yarjejeniyar 2023 zuwa 2027, tashar Nine tana nuna wasa uku kowane mako kyauta, kuma ita kaɗai ke haska State of Origin da wasan ƙarshe kai tsaye a cikin ƙasar. Fox League da manhajar Kayo, dukansu na Foxtel, suna nuna kowane wasan mako ga masu biya. Foxtel ɗin ma ta sauya hannu, kamfanin DAZN ya kammala sayenta a 2025. A Niyu Zilan kuwa Sky Sport ce. A Birtaniya, Sky Sports ke riƙe da Super League tun 1996. Channel 4 ta nuna wasa goma a shekara kyauta a 2022 da 2023, daga 2024 BBC ta karɓa, ita ce kuma ta daɗe tana nuna Challenge Cup.

To, duk waɗannan na mutanen can ne. Kayo da 9Now, manhajar tashar Nine, a cikin Ostireliya suke aiki, BBC iPlayer a cikin Birtaniya. Ƙofofin da aka buɗe wa wanda ke waje su ne biyu. Ta farko Watch NRL, wadda aka yi musamman domin masu kallo a wajen Ostireliya da Niyu Zilan da tsibiran Fasifik, tana kuma ɗauke da wasannin mako da State of Origin da wasan ƙarshe. Ta biyu SuperLeague+, wadda aka buɗe a 2024. A Birtaniya akwai wasannin da Sky ta keɓe wa kanta kowane mako, don haka abin da mai kallo a Leeds ke samu a manhajar ba lalle ya zama daidai da naka ba. Shafin ƙasarka za ka karanta, ba sharhin wani ɗan Ingila ba.

Ga yadda za ka tantance, kuma kada ka tsallake ko ɗaya. Shiga shafin hukumar gasar da kanta ka nemi jerin masu nunawa a ƙasashen waje, ka duba abin da aka rubuta a ƙarƙashin Afirka da shekarar da ke jikin jerin. In an ambaci wata tashar tauraron ɗan'adam, koma jadawalin dikodarka ka duba mako guda cur, ka ƙirga wasa nawa za ta nuna, kai tsaye ne ko maimaici, kuma tashar tana cikin kunshin da kake biya ko sai ka hau na sama. Tasha na iya mallakar haƙƙi amma ta nuna wasa ɗaya ko biyu kawai a mako, ta kuma ture su in wani babban wasa ya taso. Bayan haka buɗe shafin manhajar da layin wayarka na gida, ba tare da wata dabarar ɓoye wuri ba, ka ga ko za ta kai ka har shafin biyan kuɗi.

Game da VPN, wato manhajar da ke ɓoye ƙasar da kake, ra'ayina a fili yake: kada ka ɗora kuɗinka a kansa. Ya saɓa wa sharuɗɗan da ka amince da su, kamfanonin suna toshewa, kuma in suka rufe asusunka ba ka da bakin neman a mayar maka da ko sisi. Shafukan sata kuwa, masu tallan caca da ke buɗe kansu, haɗarinsu ga wayar da kake harkar banki da ita ya fi ƙarfin wasan minti 80. Ga shi kuma akwai hanyar halal a buɗe.

Kafin ka biya

Ka ɗan yi mako biyu kana kallon gutsattsarin wasanni a shafukan YouTube na NRL da Super League. Kyauta ne, na hukuma ne, kuma za su nuna maka ko sha'awar ta zauna ko ta wucewa ce. In ta zauna, sayi mafi gajeren wa'adin da ake sayarwa, kada ka fara da na shekara. Farashin da kuɗin waje yake, saboda haka tambayi bankinka tukun ko katinka na biya a ƙetare da iyakar da aka sa masa a wata. Da ka biya, shiga saituna ka duba ko an kunna sabuntawa da kanta, domin yawancinsu haka suke zuwa. Ka tuna daga Nuwamba zuwa Janairu babu gasar kulob. Wanda ya shigo a Yuli ya sayi na shekara, ya biya kuɗin watannin da ba a wasa.

Lissafin agogo

Nan ne masu kallo da yawa ke tuntuɓe. Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi agogonsu ɗaya, kuma ba ya sauyawa. Na Sidni yana sauyawa. Daga Lahadin farko ta Afrilu zuwa Lahadin farko ta Oktoba, Sidni tana gabanmu da awa 9. A watan Maris, farkon kaka, awa 10 ne. Jihar Queensland ba ta sauya agogo, don haka wasan Brisbane ko Townsville kullum awa 9 ne in an rubuta shi da lokacin can. Ka lura da wane gari aka rubuta lokacinsa.

A tsakiyar kaka, wasan daren Alhamis yana kamawa wajen ƙarfe 11 saura na safe a wurinmu. Ranar Juma'a akwai na ƙarfe 9 da na ƙarfe 11 na safe. Na biyun yakan ƙare gab da ƙarfe 1, ya ci karo da shirin tafiya masallaci, don haka shi ne wanda ya fi dacewa ka bar wa maimaici. Ranar Asabar ce ta fi daɗi: wajen ƙarfe 6, da 8 da rabi, da 10 da rabi na safe, mutum ya idar da asuba ya zauna. Na Lahadi wajen ƙarfe 5 da 7 na safe. State of Origin galibi daren Laraba ake yi, wato wajen 11 na safe a nan, tsakiyar lokacin aiki. Wasan ƙarshe na NRL yakan faɗo ranar da agogonsu ke sauyawa, sai ƙarfe 7 da rabi na yammarsu ta zama 9 da rabi na safiyarmu. Wanda ya lissafa da awa 9 zai zo ya tarar an kusa cinye rabin farko har da hutu.

Ingila ba ta da wannan wahala. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba agogonmu ɗaya da nasu, wasan ƙarfe 8 na dare ƙarfe 8 ne. Kafin nan sai ka ƙara awa guda. Mai kallo a Ghana ya rage awa ɗaya daga duk lokutan da na ambata, na Sudan ya ƙara ɗaya. In maimaici za ka kalla, kashe sanarwar manhajar, in ba haka ba sakamakon zai iso maka kafin wasan.

Sai data da wuta. Wasan minti 80 ne, amma da hutun rabin lokaci da tsaye-tsaye ka ware kusan awa biyu. Hoton da ke cin megabit 5 a daƙiƙa yana lashe fiye da gigabait 2 a awa, wato sama da 4 a wasa guda. In ka sauke shi zuwa megabit 2, ƙasa da gigabait 2 zai kai ka ƙarshe, kuma a allon waya ba za ka ga bambanci mai yawa ba. Saita ingancin hoton da hannunka, kada ka bar wa manhajar. Ka gwada sabis ɗinka a daidai lokacin da za a yi wasan, domin ƙarfinsa da hantsi ba ɗaya ba ne da na tsakar dare. Caja waya da fawa-bank tun daren jiya.

In gidan kallo gare ka

Biyan kuɗi na mutum ɗaya izini ne na kallo a gida. Bai ba ka damar jona wa babban allo ka karɓi kuɗin ƙofa ba. Nunawa ga jama'a haƙƙi ne daban mai lasisinsa, kuma dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 tana kare shirye-shiryen da ake watsawa. Rubuta wa kamfanin ka nemi sharuɗɗan wuraren kasuwanci, ka ajiye amsarsu a rubuce. In ta dikoda ce, nemi kunshin 'yan kasuwa. Abin da ya sa ya cancanci wahalar shi ne lokaci: safiyar Asabar da Lahadi bencinanka babu kowa, ƙwallon Turai sai da rana take farawa.

Karanta allon

A kusa da sakamako za ka ga ƙidayar kamu, wato sau nawa aka kayar da mai riƙe da ƙwallo. Kowace ƙungiya tana da kamu shida kafin ta miƙa ƙwallo, in alƙali ya ɗaga hannu sama bayan na biyar, saura ɗaya, yawanci bugawa za su yi da ƙafa. In ka ji ƙararrawa alƙali yana kaɗa hannu, an sabunta musu shidan ne saboda laifin abokan hamayya, dokar da NRL ta kawo a 2020. Dire ƙwallo a bayan layi maki 4 ne, bugun da ke biyo baya 2, bugun hukunci 2, bugun faɗi-tashi, wato a saki ƙwallo ta taɓa ƙasa a buga ta tsakanin sanduna ana cikin wasa, 1, sai dai a NRL in daga nisan mita 40 ne ya zama 2. Alƙalin bidiyo ba baƙo ba ne a nan, Super League ta fara amfani da shi tun 1996, shekaru da dama kafin ƙwallon ƙafa ta san VAR, NRL kuma ta tattara nata a cibiya guda a Sidni tun 2016. Ka saurari makirufon alƙali, ana jin maganarsa da 'yan wasa, kuma babu malamin doka da ya fi shi.

Wasannin ƙasashe sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya, domin haƙƙinsu ba ya cikin na kulob. Gasar cin kofin duniya da aka yi a Ingila a 2022, BBC ta nuna duka wasanni 61 na maza da mata da masu keken guragu, amma wannan yarjejeniyar ta wannan gasa ce kaɗai. Kada ka ɗauka biyan kuɗin da ka yi na NRL zai ba ka wasan Ingila da Ostireliya, duba sanarwar kowace gasa.

A nan ne ma muke da namu rabon. Najeriya ta ci gasar yankin Gabas ta Tsakiya da Afirka a Legas a 2019, ta sake ci a Accra a 2022, Ghana da Kamaru kuma suna cikin masu bugawa. Martin Offiah, tsohon ɗan wasan Ingila wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, yana cikin gwarzayen da aka yi wa mutum-mutumi a Wembley. Irin waɗannan wasanni namu ba manyan tashoshi ke ɗaukarsu ba, ta shafukan hukumomin ƙasashen da na hukumar duniya a YouTube da Facebook ake samun labarinsu, don haka bi su tun kafin gasa ta zo. In kai ne za ka je fili da kyamara ka watsa kai tsaye, nemi izinin masu shirya gasar a rubuce, ku fayyace wa ya mallaki hoton bayan an tashi. Hoton nan shi ne kaɗai abin da ƙaramar hukuma za ta nuna wa mai talla gobe, bai kamata ya salwanta a wayar wani ba.

Kowane Janairu ka sake bin matakin tantancewa daga farko kafin ka sabunta komai. Yarjejeniyar Super League da ta fara a 2024 ta shekara uku ce, ta NRL za ta ƙare da kakar 2027, a daidai lokacin da ƙungiyar Perth ke shigowa a 2027 da ta Papuwa Niyu Gini a 2028. Ƙarin ƙungiyoyi yana nufin ƙarin wasanni da sababbin lokuta, kuma mai sayen haƙƙi na gaba na iya rufe manhajar da kake amfani da ita ko ya mai da wasannin wata. Ajiye rasit ɗin biyanka da ranar ƙarewar wa'adinka a inda za ka gan su.